Iri, dashe ko kan albasa: wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Hajiya, kin ce kina da ƴar garka a bayan gida nan Tahoua, kina son albasa, kuma kina tambaya ko iri za ki saya, ko dashe, ko kawai ki binne kan albasar kasuwa. Amsar tana ga girman wurin da ƙarfin ruwanki.

Iri shi ne mafi arha a ranar saye. Giram 1 yana ɗauke da ƙwaya wajen 250, kuma kilo 4 zuwa 5 ya ishi eka guda ta awon hekta, to ki duba abin da fangali biyar za su ci: ɗan ƙulli ne. Sai dai kuɗin da ba ki biya a kasuwa ba, za ki biya shi a bakin rijiya. Reno yana ɗaukar kwana 40 zuwa 45, ban ruwa safe da yamma, ga kaji, ga ciwon da ke kwantar da tsiro in damshi ya yi yawa. Kuma irin albasa ba ya jimiri. In ya shekara a ajiye, tsirarsa ta ragu sosai. Mai saida shi a tiya ba zai faɗa miki haka ba, shi ya sa gara ki jiƙa ƙwaya kaɗan a tsumma ki gani kafin ki zuba kuɗi. Kowa kuwa cewa yake nasa ɗan Galmi ne, wato irin albasar garin Galmi da ya yi suna.

Dashe ya fi tsada, amma abin da ido ya gani kike saye, kuma wani ne ya sha wahalar renon. Ki zaɓi mai kaurin fensir ko ƙasa da haka kaɗan, ki dasa da yamma a ranar da aka cire shi. Bayan wata uku zuwa huɗu ki haƙe abinki. Ga ƙaramar garka, ni dashe nake zaɓa ba tare da dogon lissafi ba, musamman ga mai sayen ruwan famfo.

Kan albasa kuwa, nan mutane ke asara. Babban kai in aka binne shi, rarrabuwa yake ya fid da fure. Lawashi za ki samu da iri, ba manyan kawuna na miya ba. Manoman Galmi da Tamaske don haka suke ajiye zaɓaɓɓun kawuna a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, su maida su ƙasa in ɗari ya shigo. Kuma lokacin dasa shi ne lokacin da albasa ta fi tsada, don ta ajiya ta kusa ƙarewa. Arharta sai Maris da Afrilu, in an yi haƙa. In dai irin kanki kike so baɗi, ki sayi kawunan a lokacin, ki ajiye inda iska ke ratsawa, ki riƙa fidda masu ruɓa.