Sabbin takalman burkin hannu a motata a-kori-kura: yadda na same su

Na canja takalman burkin hannu na tayoyin baya a motata a-kori-kura, kuma na bari sun sha aiki sosai kafin in ce komai a kansu. Saitin da na saya irin wanda ke zuwa da kayansa gaba ɗaya ne: takalma huɗu, biyu ga kowace taya, da sifirin ɗin da ke janyo su baya, da ƙusoshin da ke danne su a jikin farantin baya, da ɗan ƙarfen saiti mai haƙora. Kayan sun yi. Yanzu in na ja burki a gangare, ko da kaya maƙil a baya, motar tsayawa take cak. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar saye ya sani tukuna, domin takalman kaɗai ba su ne suka kawo wannan sakamakon ba.

Da farko ka tabbatar da irin burkin da ke bayan motarka. Akwai a-kori-kura da yawa, kamar Toyota Hilux na shekaru masu yawa, da burkinsu na baya ganga ne, wato kwanon ƙarfe mai juyawa tare da taya wanda takalma ke cijewa ta ciki, kuma takalman da burkin ƙafa ke amfani da su su ne na burkin hannu. Tawa ba haka take ba. Faifai ne a baya, da kalifa, wato maƙatar da ke matse faifan, da fad ɗin da take matse shi da su, kamar na gaba. Amma tsakiyar faifan ya lotsa ciki kamar kwano, kuma a cikin wannan lotson ne aka ɓoye wasu ƙananan takalma na burkin hannu kawai. Man burki ba ya zuwa wurinsu ko kaɗan, waya ce ke jan wani ɗan ƙarfe, shi kuma ya ware su su cije jikin faifan ta ciki. Mutum zai iya canja fad sau da yawa bai taɓa ganinsu ba, tunda sai an zare faifan suke bayyana. Wasu sabbin motocin kuma maɓallin lantarki gare su, nasu tsarin daban ne, wannan sharhin bai shafe su ba.

Abin da ya sa na buɗe burkin bayan motata shi ne burkin hannun yana zuwa har ƙarshe amma motar tana silalewa, ga kuma wata 'yar ƙarar gogayya daga baya idan ana tafiya a hankali. Da na zare faifan gefe ɗaya, sai ɓawon takalmin, wato fatar da ke cizon faifan, ya faɗo ƙasa shi kaɗai. Bai cinye ba, kaurinsa na nan kusan yadda yake. Ɓallewa ya yi daga ƙarfensa. Waɗannan takalman manna musu ɓawon ake yi, kuma da yake ba sa guga yayin tafiya, ba sa yin zafin da zai busar da laima. Ruwa ya shiga, tsatsa ta kama ƙarfen ta ƙarƙashi, ta kumbura, ta ɗaga ɓawon. Saboda haka rashin amfani da burkin hannu ba ya adana shi, yana ma taimaka wa tsatsa ta kafe wayar da ƙarfen da ke ware takalman.

Wannan batu yana damuna ƙwarai game da masu mota mai canja giya da kanta. Da yawa suna sa giya a P, wato giyar fakin, su fita abinsu ba tare da jan burkin hannu ba. Abin da ke riƙe motar a wannan hali ɗan ƙarfe ne guda a cikin akwatin giya, wanda ke faɗawa tsakanin haƙoran wani zobe. A-kori-kura mai kaya, a kan gangare, duk nauyinta a kansa yake. Ƙarar nan da ake ji “ƙwas” lokacin fitar da giya daga P, shi ne yake kuɓucewa da ƙyar. Gyaran akwatin giya kuwa ba a haɗa shi da canjin takalma huɗu.

Aikin kansa ba ya buƙatar ƙarfi sosai, haƙuri yake so. Na tokare tayoyin gaba da kyau, domin da zarar an ɗaga baya kuma an saki burkin hannu, babu abin da ke riƙe motar. Na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ban yarda in bar ta a kan jak kawai ba. Bayan na cire taya sai kalifa da mariƙinta, na rataye ta da waya don kada nauyinta ya ja tiyon mai. Zare faifan ne ya fi cin lokaci. Tsatsa kan yi ɗan tudu a bakin lotson, takalman su maƙale a bayansa. Maganinsa shi ne a cire 'yar robar da ke toshe ramin saiti, a zura sukudireba a juya ƙarfen mai haƙora har takalman su koma ciki. In aka ce sai an fizge shi da ƙarfi, sifirin da ƙusoshi ne za su lanƙwashe. Ƙurar da ke ciki kuma ban hure ta ba, na wanke da maganin feshi na wanke burki, domin tsofaffin takalma na iya ƙunsar sinadarin asbestos, wanda shaƙarsa ke lalata huhu.

A nan ne na gode wa Allah da na sayi cikakken saiti. Tsofaffin sifirin ɗin sun yi ja da tsatsa, ɗaya ya miƙe, ƙarfen saitin kuma ya kafe har ba ya juyawa da hannu. Da takalma zalla na saya, da na mayar da sabon abu a kan ruɓaɓɓen kaya, kuma sifirin da ya saki ba ya janye takalmi gaba ɗaya, sai ya riƙa guga yana zafi. Sabbin sifirin ɗin tsawonsu da lanƙwasarsu daidai da na asali, ramukan takalman sun hau ba tare da na goge ko na buga komai ba, ɓawon kuma a manne yake tsaf, babu gefen da ya ɗaga. Na jera sabo da tsoho gefe da gefe kafin in ɗaura, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, tun kafin ya yar da kwalin.

Inda ban ji daɗi ba shi ne babu ko takarda ɗaya ta bayani a ciki. An zuba ƙananan kayan duka a leda guda, ba a ware na dama da na hagu ba. Ga wanda ya saba ba komai, amma sabon shiga zai rikice. Abin da ya cece ni shi ne na ɗauki hoto da waya kafin in kwance komai, kuma na bar gefe ɗaya a haɗe ina dubawa har na gama ɗayan. Sai kuma ƙusoshin dannewa, waɗanda suka ba ni wahala matuƙa. Wannan ba laifin kayan ba ne, tsarin motar ne: kan aksil, wato farantin da taya ke ɗauruwa a kai, yana tsaye daidai gaban wurin aikin, hannu ba ya shiga. Sai da filaya mai dogon baki da 'yar ƙugiyar jan sifirin. Wasu kan zare aksil ɗin gaba ɗaya don su sami fili, amma a wasu motocin hakan na nufin buɗe murfin difarenshal, wato akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya, da zubar da mansa. Ni ban kai nan ba.

Tunda wurin a buɗe yake, na duba sil ɗin aksil, wato robar da ke hana man giya fitowa. Idan yana yoyo, man giya zai jiƙe sabbin takalman, kuma takalmin da ya sha mai ya tashi aiki, wanki ba ya dawo da shi. Nawa a bushe yake. Ƙarfen da waya ke ja na kwance shi, na goge tsatsar da burushin ƙarfe har ya riƙa motsi sakayau, na shafa masa giris mai jure zafi. Haka ma wuraren da gefen takalman ke zamewa a jikin faranti, ɗan kaɗan kawai, don kada ya kai ga ɓawon. Cikin lotson faifan na bi shi da samfefa na kawar da tudun tsatsar.

Saiti shi ne rabin aikin, kuma a nan mutane da yawa ke yanke wa kaya masu kyau hukuncin banza. Bayan na mayar da faifan, na juya ƙarfen mai haƙora har faifan ya ƙi juyawa, sannan na sassauta kaɗan-kaɗan har ya juya ba tare da riƙewa ba. A taya ake fara saiti, sannan a koma kan waya idan da sauran sako-sako. Wanda ya ɗaure waya don ya rufe giɓin da ke cikin taya, zai sami burki mai guga a tafiya kuma marar kamu a tsaye. Kafin in motsa motar na taka burkin ƙafa har ya yi tauri, tunda an taɓa kalifa, na kuma ɗaure notocin taya da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa.

A farko kamun bai gamsar da ni ba, kuma haka sabon takalmi yake, domin bai kwanta a jikin faifan duka ba. Na sami fili babu kowa, ina tafiya a hankali ina ɗan jan burkin na 'yan daƙiƙoƙi in saki, in bari ya huce. Daga nan kamu ya canja sarai. Bayan an ɗan yi amfani da shi na ƙara masa saiti kaɗan, tun daga lokacin bai sake neman komai ba. Babu ƙara, kuma in na kai hannu kusa da tayoyin bayan doguwar tafiya, ba na jin wani gefe ya fi ɗaya zafi.

Wanda ya taɓa canja fad da kansa, kuma yana da ƙafafun ɗora mota, zai iya wannan aikin. Wanda bai taɓa ba, ya sayi cikakken saitin ya kai wa makaniki, ya kuma roƙe shi ya nuna masa tsofaffin sifirin ɗin da ya cire. Ni abin da ya rage mini shi ne wayar gefen dama, wadda na lura robarta ta fara tsagewa kusa da inda take shiga faranti. Tana aiki yanzu, amma ruwa zai shiga ta nan, don haka ita ce ta gaba da zan canja.