Kwana tara a kangayen Northumberland da katin English Heritage

Na sayi katin da hukumar English Heritage ke sayar wa baƙi 'yan ƙasashen waje, wanda ke ba mutum damar shiga wuraren tarihin da take kula da su na tsawon kwana 9 ko 16, kuma na zaɓi na kwana 9 domin in zaga Northumberland, yankin Ingila da ke kan iyaka da Sikotilan. A ganina kuɗina ya biya, amma ya kamata mai niyya ya san irin abin da zai tarar tun kafin ya kama hanya.

Wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne Dunstanburgh, kangon wata tsohuwar fada mai ganuwa. Mota ba ta kaiwa ƙofarsa, sai dai mutum ya sauka a ƙauyen masunta na Craster, inda ƙamshin bandar kifi ke tarbar baƙo, sannan ya taka wajen kilomita 2 a bakin teku, tumaki na kiwo a gefensa, iska na kaɗa shi ba sassauci. Basarake Thomas na Lancaster ne ya soma ginin a 1313, lokacin da ba sa ga maciji da ɗan'uwansa Sarki Edward na Biyu, kuma bai mori wurin ba, domin an fille masa kai a 1322. Da na tsaya a gindin hasumiyoyi biyun da suka rage na babbar ƙofa, na ɗaga kai ina kallon kaurin duwatsun da tsuntsayen teku suka mayar sheƙa, sai na gane cewa maginin ya so ne a hango ƙarfinsa tun daga nesa.

Warkworth kuwa ya fi cika, domin babban soron da zuriyar Percy, manyan masu sarautar yankin, ta gina a ƙarshen ƙarni na 14 yana nan tsaye a kan tudu, kogin Coquet ya kusa zagaye garin da ke ƙarƙashinsa. Na shiga madafa na ga manyan murhuna, na leƙa ɗakunan ajiya, na hau matakalai ƙuntatattu waɗanda ba zan ba wa mai ciwon gwiwa shawarar gwada su ba. A Belsay Hall, gidan da aka kammala a 1817 bisa salon ginin Girka, ɗakunan fayau suke babu kayan ɗaki, kuma abin da ya riƙe ni shi ne lambun da aka dasa a cikin ramin da aka fasa duwatsun ginin.

Wanda burinsa shi ne ya ga gidan sarauta mai shimfiɗu da zane-zane, katin ba zai wadatar da shi ba, domin Alnwick, mazaunin zuriyar Percy tun 1309, da Bamburgh, wanda Lord Armstrong ya saya a 1894, duka suna hannun iyalan da suka mallake su, kuma kowanne yana da kuɗin shigarsa daban. Na biya na Alnwick ban yi da-na-sani ba. Haka kuma na riƙa tafiya da guzurina da rigar ruwa da ƙaramar dadduma, domin a Dunstanburgh a kan ciyawa na yi sallar azahar, a bayan wata katanga da ta tare mini iska.