Tankin iskar oksijin da anka sa Baba ciki: abin da na gani da idona

Wata huɗu kenan da dawowarmu Maradi amma ba ranar da wani ba zai tare ni ba, ko ƙofar masallaci ko bakin kasuwa, wai da gaske ne an sa tsohonku cikin tanki an hura mishi iska ƙafa ta warke? To bari in rubuta sau guda kowa ya karanta, bakina ya gaji.

Baba ya fi shekara goma da ciwon sukari. Ƙaya ce ta soke shi a gonarshi ta wajen Jiratawa, ko jin ta bai yi ba don sukarin ya riga ya kashe mishi jijiyoyin tafin ƙafa, sai da Inna ta ji wari wajen wankin safa sannan anka duba. Munka yi ta pansuma da antibiyotik nan gida, munka wuce Yamai, hoton ƙafar da anka ɗauka (radiyo) ya nuna ciwon ya taɓa ƙashi, anka fara maganar guntule ƙafar. Baba ya ce shi da ƙafarshi za a kai shi kushewa, kun dai san tsofaffinmu. Nan ne wani likita ya ce in da hali mu gwada Tunis, akwai abin da suke ce ma keson iperbar, bai yi mana alkawarin komi ba, gwaji kawai ya ce.

Abin kamar tankin motar dakon mai ne an kwantar da shi cikin ɗaki, da ƙofar ƙarfe mai kauri da ƴan tagogi zagayayyu, ciki kujeru ne majinyata su zauna su da infirmiye guda. In an rufe sai a yi ta danna iska ciki har nauyinta ya ninka na waje sau biyu da rabi, kamar mutum ya nutse mita 15 cikin ruwa, sannan kowa ya sa mask ya shaƙi oksijin tsantsa. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Yadda likitan ya fahimtar da ni, da wannan matsin oksijin na narkewa cikin ruwan jini kanshi, sai ya kai lungun da jini ba ya isa sosai, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta su samu ƙarfi, ƙananan hanyoyin jini su tsiro, kuma akwai wasu ƙwayoyin cuta masu ruɓar da nama da sam ba su shiri da oksijin. Kusan awa biyu kowane shiga, kwana biyar a sati, Baba ya yi shiga 30.

Ranar farko dai an sha daru. Anka ce ya tuɓe babbar riga ya sa ta auduga irin tasu, ba salula ba agogo ba ashana, ba man shafawa, ba turare, shi ko mutum ne da ko shago zai leƙa sai ya fesa turare. Ya dube ni ya ce kai yaro, wanka za su yi min ko magani? Na ce Baba ku yi haƙuri, wurin cike yake da oksijin, ɗan tartsatsi kaɗan gobara ce. Ta ƴar tagar nan na riƙa leƙen shi, minti bai kai biyar ba na ga ya dafe kunne yana yamutsa fuska, infirmiyen na nuna mishi ya toshe hanci ya hura, ya haɗiye miyau. Da ya fito ya ce ji ya yi kamar ana tura mishi tsinke cikin kunne, wai da farko zafi kamar watan Afrilu, wajen fitowa kuma sanyi ya kama shi. Sai wajen shiga na huɗu ya iya abin.

Abin da ya fi ba mu dariya, wajen shiga na ashirin da wani abu na tarar da shi da asuba yana karatun Alƙur'ani ba tabarau, mutumin da ya shekara da shekaru ba ya ganin baƙi sai da gilashi. Murna wajenshi ba a magana, wai an haɗa mishi da gyaran ido kyauta. Likita ya ce a'a Alhaji, oksijin ɗin ne ke taɓa ƙwayar ido na ɗan lokaci, na kusa ya fito na nesa ya dushe, zai koma yadda yake. Haka ko anka yi.

Ƙafa dai tana nan, yatsa guda anka cire. Amma gaskiya in na ce tankin kaɗai ya yi aikin na yi ƙarya, don kafin a sa shi ciki sai da anka shiga tiyata anka kankare ruɓaɓɓen nama da guntun ƙashin, ya yi sati shida yana karɓar antibiyotik, anka mai da shi kan insulin, anka hana shi taka ƙafar. Tankin taimako ne bisa waɗannan. Akwai wani bawan Allah da suke shiga tare, shi hanyoyin jinin ƙafarshi sun toshe tun daga sama, ƙarshe sai da anka yanke.

Inda raina ke ɓaci shi ne yadda labarin ya juye a WhatsApp. Wata gwaggona har gida ta zo wai jikanta shawara da zazzaɓi sun ƙi barin shi, ko za a kai shi tankin. Wani ya ce ya ji yana maganin taifot da tarin fuka har da sida. Jama'a ba haka ba ne wallahi. Na yi wannan tambayar da bakina, likitan dariya ya yi. Zazzaɓin cizon sauro gwajin jini ake yi a ɗan yatsa a ba ka Coartem, in ya yi tsanani allurar artesunat, ga gidan sauro, ga maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara da damina. Taifot antibiyotik ne da ruwa mai tsabta. Amai da gudawa ruwan gishiri da sukari ne da ƙarin ruwa cikin gaggawa. Sanƙarau da ƙyanda rigakafi gare su, tarin fuka kuma magani ne na wata shida ba fashi. Cikinsu ba wanda ke buƙatar jirgi. Ciwukan ƙwayar cuta da ake sa mutum tanki dominsu ƴan kaɗan ne, ruɓewar nama mai saurin yaɗuwa, ciwon ƙashin da ya gagari magani, sai gyambon masu sukari irin na Baba.

Guda ɗaya da ban sani ba sai can, ana sa wanda hayaƙin gawayi ya bugar. Na tuna yadda muke kwana da kaskon wuta cikin ɗaki a rufe lokacin hunturu, ko a jawo gurup, wato injin wuta, cikin zaure don tsoron ɓarayi, jikina ya yi sanyi. Masu nutso cikin teku ma an daɗe ana amfani da tankin dominsu.

Abin da ban ji daɗi ba: kuɗi. Shiga ɗin kanshi da sauƙi bisa ga jirgi da haya da abinci na kusan wata biyu, shanu biyu da wani fili sunka tafi, ban da gudummawar dangi. Sannan ba wanda ya gaya mana tun farko cewa sukari na iya faɗuwa cikin tankin, rana guda Baba ya shiga bai karya da kirki ba ya fito yana gumi yana kyarma, daga nan ne kullum sai ya ci wani abu an auna shi kafin a rufe ƙofa. Ga matsalar harshe, Baba ba ya jin Faransanci, Larabcinsu kuma ba irin na littafi ba ne, ni ko an hana ni shiga, sai dai nuni da hannu ta taga.

Yanzu kowane dare ƙanena ke haska tafin ƙafarshi da fitilar salula ya duba tsakanin yatsu, an kuma yi mishi takalmi rufaffe, dole ya sa in zai je gona, yana sawa yana mita wai zafi. Tabarau ma ya koma kansu tun watan jiya, har yanzu cewa yake da mun bar shi ya ƙara shiga goma da idon ya zauna.