Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna: neman sawun bayin da suka tsere

Mai neman labarin bayin da suka gudu bayan zuwan Turawa, ya fara da wannan ofis na titin Yakubu Gowon. Hidimarsa ta cancanci yabo, amma sai da shiri.

A fara duba kundin jerin fayiloli, a rubuta lambar daidai. Na sakatariyar Arewa suna ƙarƙashin SNP, na lardin Zariya kuma Zarprof. Dokar 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu, an soke bautar gaba ɗaya a 1936, don haka tsakanin nan arzikin yake: rajistar 'yantattun bayi, shari'o'in fansar kai da murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa), takardun gidan 'yantattu na Zungeru.

Inda ake tuntuɓe shi ne sunaye. Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji, wanda ya tsere ma yakan sake suna. A gwada rubutu biyu ko uku. Takardun sun tsufa, da hunturu suna karyewa, a juya su a hankali.

Zancen gayya kuwa, yadda bayin da suka tsere suka haɗu suka sare daji suka kafa tunga, kaɗan fayilolin suka kama. Wannan sai a bakin dattawan ƙauyen.