Sifikar kwamfuta: yadda ake sayenta a Ingila da yadda muke yi a Bauchi

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Bauchi da kewaye.

A shagunan kayan sauti na Ingila, abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne tambayar da mai shago yake fara jefo masa. Ka ce sifika kake so ta kwamfutar tebur, kafin ya nuna maka komai sai ya tambayi faɗin teburinka, da girman ɗakin, da abin da ka fi saurare, magana ce ko kiɗa ko wasan kwamfuta. In ka ce ɗakin ƙarami ne kuma karatu da lacca ka fi ji, sai ya janye ka daga gaban manyan akwatuna masu tsada, ya kai ka wajen wasu 'yan madaidaita guda biyu. Ɗan kasuwa da bakinsa yana rage wa kansa ciniki! Wasu shagunan har ɗaki suka ware mai kujera da ƙofa a rufe, a haɗa maka kala biyu ko uku ka saurara a natse.

Kada ku ɗauka waliyyai ne. Doka ce ta ɗaure su, kuma sun san abin da suka cusa maka ba bisa ƙa'ida ba zai iya dawo musu. Abin da ka saya ta intanet, kana da kwana 14 daga ranar da ya iso ka ce ka fasa, ba sai ka faɗi dalili ba, sannan wasu kwana 14 na mayar da shi. Na cikin shago doka ba ta tilasta a karɓa don kawai ka canza ra'ayi ba, amma manyan shaguna da yawa suna ba da nasu wa'adin don kada abokin ciniki ya gudu. In kuwa kayan na da aibi, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Bayan nan gyara ne ko canji, kuma a cikin wata shida na farko mai shago ne zai kawo hujjar cewa ba da aibin ya sayar maka ba.

A kan sifika wannan ba ƙaramin gata ba ne, domin sifika ba ta nuna halinta sai a ɗakin da za ta zauna. Bango da labule da faɗin tebur da tazarar kunne duk suna canza sautin. Mutum a nan Ingila, inda nake zaune, yakan yi odar kala biyu, ya gwada su a teburinsa, ya riƙe ɗaya, ya mayar da ɗaya cikin kwalinta, babu mai harararsa. Mu kuwa a Wunti ko Babbar Kasuwa, a tsakiyar hon ɗin Keke Napep da ƙugin janareton maƙwabci za a jona maka ita, a murɗe murya har ƙarshe, mai shago ya dube ka ya ce, "Alhaji, ka ji duma?" Ka biya, a miƙo maka rasit mai ɗauke da rubutun nan da duk muka haddace, cewa kayan da suka bar shago ba sa dawowa. Abin haushin shi ne mu ma muna da doka. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Amma mu nawa ne ke bin kadi? Sai mu ce "Allah ya isa" a zuci, mu kai wa mai gyara sabon abu fil.

Tunda haka kasuwarmu take, duk binciken da Bature yake yi bayan ya kai kaya gida, kai dole ka yi shi kafin kuɗi su bar aljihunka. Ka fara da lambar da ke jikin kwali, don nan aka fi yi mana sakiyar da ba ruwa. Za ka ga an rubuta 2000W ko 5000W da manyan baƙaƙe (W ɗin na nufin wat, awon ƙarfin wuta), a gefe kuma ƙananan haruffa PMPO. Wannan awon ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da ake dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da sifika za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. In ba a rubuta ba, juya bayanta ko adaftarta ka yi lissafi da kanka. Adaftar da aka rubuta wa 12V da 2A, wat 24 ne iyakar abin da take bayarwa, to ta ina wat 2000 zai fito? Wadda ke shan wuta ta USB ma ta fi sauƙin kamawa: tsohuwar kafar USB 2.0 wat 2.5 take bayarwa, ta 3.0 kuma wat 4.5. Shi ya sa Creative Pebble, 'yar ƙaramar da ke ko'ina a teburan ɗalibai a nan, wat 4.4 kacal aka rubuta mata, kuma ba ta jin kunyar hakan. Edifier R1280T, wadda ta isa ta cika falo madaidaici, wat 42 ce gaba ɗaya. Mutumin da ke zaune taku ɗaya daga sifikarsa ba ya buƙatar fiye da haka. Ninka wat sau biyu ma ɗan ƙari kaɗan yake yi wa ƙara. Sai an ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ta ninku.

Sai maganar wufa, wato akwatin da ke fitar da sauti mai kauri, wadda ita ce raunin zuciyarmu. In ba a ga baƙin akwati a ƙarƙashin tebur yana girgiza ƙafa ba, sai mu ga kamar ba a sayi komai ba. Masu arahar cikinsu, waɗanda ake rubuta wa 2.1, ga inda suke cutar mai saye. 'Yan sifikun saman tebur ba su wuce inci biyu ba, ba sa iya fitar da sautin da ya yi ƙasa da wajen 150Hz (Hz awon kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri). Muryar namiji kuwa tushenta tsakanin 85Hz ne da 180Hz. Sai a raba muryar malami gida biyu, kaurinta na fitowa daga ƙarƙashin tebur, siririnta daga sama, tsakiya kuma wayam, ka ji mai tafsiri kamar ya sa kansa a cikin tulu yana magana. Wanda ƙira'a da wa'azi da labaran rediyo da taron intanet suka fi yawa a saurarensa, akwati biyu kawai ya nema, waɗanda ake rubuta wa 2.0, kowanne da sifika mai inci huɗu da 'yar ƙarama a samanta mai fitar da siririn sauti. Mai kallon fim da wasan kwamfuta shi ne zai amfana da wufa, shi ma ya nemi wadda ke da nata abin murɗawa don ya iya rage ta. Ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa gefensa. Na katako mai kauri shiru yake yi, na roba mara nauyi kuwa yana amsawa, kuma wannan amsawar za ta bi duk abin da ka kunna.

Gwajin shago kuma da wayarka za ka yi shi, da karatu ko waƙar da kunnenka ya saba da ita, ba wadda mai shago ya tanada ba. Ka saurara a ƙasa-ƙasa tukuna, domin kowace sifika tana iya ihu, mai kyau ce kaɗai ke fitar da kowane harafi a hankali. Sannan ka tsayar da sautin, ka ƙara murya, ka kara kunnenka. In ka ji "ssss" mai ƙarfi ko gurnani, a gida cikin dare sai ya fi haka.

Masu aiko saƙo a taho musu da sifika daga waje, ku lura da wuta. Ingila da Najeriya duk 230V ne da 50Hz, kuma filogin nan mai ƙafa uku shi ne namu, don haka kayan Ingila kai tsaye suke shiga soket a Bauchi. Na Jamus da Faransa wutar ɗaya ce, bakin filogi kawai za a canza. Na Amurka da Kanada kuwa 120V ne. In ba a rubuta 100–240V a bayanta ba, ranar da aka jona ta ranar za ta yi hayaƙi, sai dai a haɗa ta da taransifoma mai rage wuta.

A nan Ingila sai mutum ya shekara bai ga an ɗauke wuta ba, kuma kowane soket da wayar ƙasa, wato ta ukun nan da ake cewa "earth", a jikinsa, shi ya sa ba su cika sanin gurnanin nan na "hummm" da ke damunmu ba. Gidajenmu da yawa an ja waya biyu an bar ta uku don a rage kuɗi, kuma mai gida da mai wayarin duk sun san da haka. In sifika na gurnani, ka fara da haɗa ta da kwamfutar a kan ekistenshin ɗaya. Ka raba wayar sauti da wayar wuta, kada su kwanta tare. Ka cire ta daga kafar gaban kwamfuta ka mayar koriyar kafar da ke baya, domin siririyar wayar da ke kai sauti gaba tana ratsa cikin akwatin tana kwasar hayaniya. In duk bai yi ba, 'yar ƙaramar na'urar sauti ta USB ko kafar haske, wato wadda aka rubuta wa "optical", in sifikar na da ita, sukan kashe matsalar. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi ita ma tana sa ƙugi, wannan kuwa ba laifin sifika ba ne. Da an ɗauke wuta a kashe daga soket, don dawowarta da ƙarfi ce ke cinye allon ciki. Wajen kunnawa sifika ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

Ajiyewa ba ta cin ko sisi, amma nan muka fi sakaci. Tazarar da ke tsakanin akwatunan biyu ta yi daidai da tazarar kowanne zuwa kanka, a ɗan karkato su su fuskance ka, 'yar ƙaramar sifikar ta yi daidai da kunne. In ramin iskan da ke jikin akwatin a baya yake, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. A sa soso ko roba a ƙarƙashi don kada tebur ya riƙa rawa. Muryar kwamfuta a bar ta wajen kashi 70 zuwa 80, a riƙa ƙarawa daga jikin sifika, kuma da an ji sauti ya fara tsagewa a rage, domin wannan tsagewar ce ke ƙona 'yar ƙaramar.

Dalili ɗaya da ya sa mutanen Ingila ba sa haukan wat shi ne maƙwabci. Bangon gidajensu a manne yake, kuma daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe ƙaramar hukuma na iya aiko maka da takardar gargaɗi in an kai ƙararka. Abin a yaba ne, musamman in aka tuna mai shagon cajin waya da ke kafa akwati a bakin titi tun hantsi, ko gidan biki da ke hana unguwa barci ba wanda ya isa ya tanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awa 40 a mako a kan ƙara mai desibel 80 (desibel awon ƙarfin ƙara ne) su ne iyakar da kunnen babba zai ɗauka lafiya, mu kuwa yaranmu a gindin akwati suke wuni. Sai dai shirun nan ma yana da nasa ciwon. Asuba takan yi a unguwa ba ka ji lasifikar masallaci ko ɗaya ba, sai dai waya ta yi maka kiran salla. A irin wannan lokacin har hayaniyar kasuwar Muda Lawal mutum yake kewa.

Inda muka yi musu fintinkau shi ne gyara. A nan kuɗin awa ɗaya na mai gyara yakan kai kuɗin ƙaramar sifika sabuwa, don haka da ta yi tari sai wurin zubar da kayan lantarki, wasu kuma su biyo kwantena su zo mana a matsayin gwanjo. Mai gyaran rediyo a Bauchi kuwa zai buɗe ta, ya gano kafasitan da ya kumbura, ko ya canza aisi, wato 'yar na'urar ciki mai ƙara ƙarfin sauti, irin TDA2030, ko ya naɗa sabon koyil, ta koma aiki. Saboda haka ta hannu mai kyau takan fi sabuwa mai ƙaryar lamba, in an duba ta da kyau. A danna takardar sifikar a hankali da yatsu a kewaye da tsakiyarta, in an ji tana gogar wani abu koyil ya taɓu. A duba zoben da ke gefen takardar, na soso yana ruɓewa da zafi, na roba ya fi jure yanayinmu. A saurari hagu ita kaɗai, sannan dama. In abin murɗa murya yana ƙarar "ƙarr" ana juya shi, yawanci ƙurar hunturu ce ta shige, feshin wanke kayan lantarki yake so, ba fetur ko man keke ba, kuma wannan dalili ne na neman ragi ba na fasa ciniki ba.