Sharhi kan tikitin Eurail Global Pass: inda yake biyan kuɗinsa da inda yake cin aljihu

Tikitin jiragen ƙasan Turai da nake magana a kansa shi ne na kwana 7 cikin wata guda, aji na biyu, wanda ake ɗorawa a waya. Na gwada shi a jiragen ƙasan Jamus, Austriya, Hungari, Suwizalan da Italiya, kuma hukuncina a kansa ya rabu gida biyu. A ƙasashen da ake shiga jirgi ba tare da kama kujera ba, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu har da rara. A Faransa, Sifaniya da manyan layukan Italiya kuwa, mai shi zai yi ta sa hannu a aljihu bayan ya riga ya biya kuɗi mai kauri.

Eurail na waɗanda ba mazauna Turai ba ne. Mazauna can nasu daban ne, sunansa Interrail, don haka ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya taso daga gida Eurail zai saya, ɗan'uwansa da ke zaune a Jamus kuma Interrail. Tikitin yana aiki a ƙasashe 33, har da Birtaniya da Turkiyya. Iri biyu ne. Akwai na kwanakin da ake zaɓa: 4, 5 ko 7 cikin wata ɗaya, ko 10 ko 15 cikin wata biyu. Akwai kuma na jere, daga kwana 15 har zuwa wata uku, wanda kowace rana ana cinta ko an hau jirgi ko ba a hau ba. Ga mai yawon buɗe ido da zai kwana biyu ko uku a kowane gari, na zaɓi ya fi. Matasa 'yan ƙasa da shekara 28 da dattawa daga 60 suna da ragi, sannan kowane babba yana iya ɗaukar yara biyu 'yan shekara 4 zuwa 11 kyauta, amma sai an yi musu nasu tikitin na kyauta tun wajen saye. Ga mai iyali, wannan kaɗai yana iya juya lissafin.

Lissafin kansa ba shi da wuya, kuma ya kamata a yi shi kafin a biya. A 2024 na kwana 7 ɗin yana kusan yuro 380 ga babba, wato kowace rana ta tashi a kan kamar yuro 54. Duk ranar da tafiyarta ba ta kai haka ba idan an sayi tikitinta daban, asara ce a kashe mata rana ɗaya. Munich zuwa Salzburg, alal misali, bai kai awa biyu ba, kuma akwai tikitin yini na jihar Bavariya, Bayern-Ticket, wanda ke kai mutum har Salzburg a jiragen yanki, mutum biyar ma suna iya haɗuwa a guda, sai dai a ranakun aiki ba ya farawa sai ƙarfe 9 na safe. Viyana zuwa Budapest, kamar awa biyu da rabi, shi ma idan aka saya da wuri yana da sauƙi. Kwanakin Eurail a adana su domin doguwar tafiya, da ranar da za a canza jirgi uku ko huɗu, da kuma Suwizalan, inda cikakken farashin tikiti ke sa mutum riƙe baki.

Yadda ake ɗora shi a waya: bayan biya ana aiko da lambar tikiti ta imel. A sauke manhajar Rail Planner, a shigar da sunan iyali da lambar, a haɗa tikitin da tafiya guda, sannan a sa lambar fasfo da ranar farawa. Dole a fara amfani da shi cikin wata 11 daga ranar saye. Daga nan kowane jirgi da za a hau sai an nemo shi a manhajar, an saka shi cikin tafiyar, an kunna ɗan maɓallin da ke gefensa. Kunnawar ce ke fitar da lambar QR ta ranar, wadda mai duba tikiti zai haska, wani lokaci ya nemi fasfo ya gwada suna. Dole a yi wannan kafin a hau. Wanda ya bari sai ya zauna, idan mai dubawa ya riske shi, daidai yake da marar tikiti, kuma tara ce. Hoton allon waya ba ya karɓuwa. Idan ranar ta riga ta shiga ba a iya soke ta, don haka kada a kunna jirgin gobe da daddare sai an tabbata da tafiyar. Manhajar tana aiki ba intanet, amma tana buƙatar a haɗa ta lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba tikitin ya tsaya. Mafi sauƙi shi ne a buɗe ta kowace safiya a kan intanet ɗin masauki kafin a fita. Tikitin yana maƙale da waya ɗaya, kuma idan caji ya ƙare babu abin nunawa, saboda haka caja da batirin ajiya su zauna a jakar hannu, kada su shige cikin akwati.

Babban kuskuren da ke kama sababbi shi ne zaton cewa saka jirgi a manhaja daidai yake da kama kujera. Abu biyu ne daban. Tikitin yana ba da damar hawa, kujerar kuma a wasu jiragen takarda ce ta dabam da kuɗinta. TGV na Faransa, AVE na Sifaniya, Frecciarossa na Italiya, Eurostar mai zuwa Landan da duk jiragen dare ba a hawansu sai da ita. A TGV na cikin gida kuɗin yana tsakanin yuro 10 zuwa 20, a Frecciarossa ya ɗan haura 10, a Eurostar zuwa Landan kuma ba ya gaza 30. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne cewa a Eurostar da wasu jiragen Faransa kujerun da aka ware wa masu irin wannan tikiti ƙidayayyu ne. Jirgi zai iya kasancewa da wuri ga mai sayen tikiti na yau da kullum, amma rabon masu Eurail ya ƙare, musamman a Yuli da Agusta. Idan aka kama kujera ta shafin Eurail ana ƙara yuro 2 a kan kowane mutum kowane jirgi. Shafin kamfanin jiragen Austriya, ÖBB, yana sayar da kujeru da yawa, har da na Italiya da na jiragen dare, ba tare da wannan ƙarin ba. A ganina wannan ne raunin tikitin mafi girma: an sayar maka da 'yancin tashi duk sanda ka ga dama, sai ka tarar a rabin nahiyar sai ka ɗaure kanka da jirgi tun makonni kafin lokaci.

Sannan akwai waɗanda ba sa cikinsa sam. Italo na Italiya da Ouigo na Faransa ba sa karɓar sa, alhali suna tsayawa a tashoshin da sauran ke tsayawa, wani lokaci a dandamali na kusa. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na cikin gari, taram da bas duk da kuɗinsu. A jirgin hawa tsaunin Jungfraujoch na Suwizalan ragi kawai ake samu. A Paris kuma tashoshi suna da yawa: wanda ya sauka a Gare du Nord zai wuce kudu maso gabas sai ya tsallaka zuwa Gare de Lyon da kansa, ya ware aƙalla awa guda ga wannan canjin. Budapest ma tashoshi uku manya gare ta, Keleti, Nyugati da Déli, a duba sunan da kyau.

A Jamus, Austriya da Suwizalan ne tikitin ke nuna amfaninsa. Mutum ya iso tasha, ya duba allo, ya kunna jirgin a waya, ya shiga. Idan ya rasa na ƙarfe goma ya hau na sha ɗaya, babu kwabo. Kama kujera a ICE na Jamus da Railjet na Austriya galibi ganin dama ne, ko da yake ranar Juma'a da yammacin Lahadi yana da kyau a biya 'yan yuro kaɗan ɗin don kada a yi tsayuwar awa uku. Jiragen dogon zango na Jamus sun yi ƙaurin suna wajen makara, kuma a nan ma mai Eurail ya fi mai tikitin ragi kwanciyar hankali, tunda ba a ɗaure shi da jirgi ɗaya ba. Sai dai jadawalin da ke cikin Rail Planner ba ya nuna makara ko canjin dandamali na nan take. Don wannan a riƙe manhajar DB Navigator a Jamus da SBB Mobile a Suwizalan. A kuma kula da jiragen da ke rabuwa a hanya, taragun gaba su nufi wani gari na baya su nufi wani. Allon da ke jikin kowane tarago yana faɗin inda ya dosa.

Ranar da ta fi kowace biyan kuɗinta ita ce ta layin Bernina, daga Chur a Suwizalan zuwa Tirano a bakin iyakar Italiya. Tafiyar kamar awa huɗu ce ko ɗan fiye, jirgin yana bin gadar Landwasser ya shige kai tsaye cikin dutse, ya haura har Ospizio Bernina mai tsayin mita 2,253, sannan ya gangaro yana kewaya kansa a kan gadar Brusio. Hukumar UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihin duniya a 2008. Jirgin 'yan yawon buɗe ido, Bernina Express, sai da kuɗin kujera mai tsada. Amma jiragen yanki suna bin layin nan ɗaya, tikitin Eurail ya ishe su, canji kawai za a yi a St. Moritz ko Pontresina, kuma ba su cika cunkoso ba. A Tirano tashar Italiya tana fuskantar ta Suwizalan, tsallaka fili ne kawai, daga nan jirgin yanki ya kai mutum Milan cikin kamar awa biyu da rabi. Duk wannan rana ɗaya ce a tikiti. Mai gaggawa kuma yana da hanyar ramin Gotthard, mai tsawon kilomita 57, wanda aka buɗe a 2016, Zurich zuwa Milan awa uku da 'yan mintoci.

Jiragen dare suna da ƙa'ida mai daɗi: idan an hau kafin sha biyun dare kuma ba a canza jirgi bayanta ba, ranar tashi kaɗai ake cirewa. Kuɗin makwanci dai daban ne. A Nightjet, jirgin dare na ÖBB, akwai kujera, akwai ɗakin gadaje shida ko huɗu, akwai kuma ɗaki na musamman. Kujerar ba ta da daɗin barci, ba na ba kowa shawararta. Ana iya neman ɗakin mata zalla tun wajen kama wuri, abin da zai kwantar wa iyalai da yawa hankali, amma yana ƙarewa da wuri.

Maganar biza ta fi tikitin muhimmanci ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, domin ƙasashe 33 ɗin nan ba biza ɗaya ke shiga da mutum cikinsu ba. Bizar Schengen, wadda yawancin ƙasashen Turai suka haɗu a kanta, tana ba da kwana 90 cikin 180 a mafi yawa, kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana nemanta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, daga wata shida kafin tafiya. Suwizalan tana cikin yankin Schengen, Kuroshiya ta shiga a 2023, Bulgeriya da Romaniya sun kammala shiga a Janairun 2025. Birtaniya, Ailan, Sabiya da Turkiyya ba sa ciki. Wanda ya kama kujerar Eurostar zuwa Landan ba shi da bizar Birtaniya, tun a tashar Paris za a mayar da shi. Wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce kuma, idan ya bi layin da ya fita daga yankin, ba zai iya komawa ba. Shawarata ita ce kada a sayi tikitin sai biza ta fito an ga kwanakin da aka bayar, don sau da yawa ana bayar da daidai kwanakin da aka rubuta a takardun nema.

Kaya ba a auna su a yawancin jiragen, amma babu ɗan dako, kuma wasu canje-canjen minti shida ne da matakala a tsakani. Akwati ɗaya matsakaici da jakar baya sun isa, tsaraba a bar ta sai garin ƙarshe. Ban-ɗakin tasha na kuɗi ne, kamar yuro ɗaya. A Jamus da Austriya shaguna a rufe suke ranar Lahadi in ban da na manyan tashoshi. Abincin halal ba ya wuya a kusa da manyan tashoshi, a Munich titunan da ke kudu da babbar tasha cike suke da gidajen abincin Turkawa da Larabawa. Alwala a ban-ɗakin jirgi tana da wuya saboda ƙanƙantarsa, gara a fito da ita daga masauki, a kuma tuna cewa a watan Yuni magariba a Jamus tana wuce ƙarfe tara na dare.

Wanda ya saba da Japan Rail Pass, irin wannan tikiti na ƙasar Japan, zai ga bambanci. Can kama kujera kyauta ne, sai dai jiragen Nozomi da Mizuho da ake biya wa ƙari, amma tun Oktoban 2023 na kwana 7 ya koma yen 50,000, har zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa bai kai ya mayar da kuɗin ba. Da Eurail ɗin ma ana iya taka Asiya. Jirgin dare yana tashi daga Sofiya zuwa Istanbul, sai da kuɗin makwanci da bizar Turkiyya, kuma a iyakar Kapıkule kowa yana saukowa da tsakar dare a buga masa hatimi a fasfo, don haka rigar sanyi ta zauna kusa. Jirgin yana ƙarewa a Halkalı, bayan gari. Daga nan sai jirgin Marmaray, wanda ke bi ta ƙarƙashin mashigin Bosphorus tun 2013, ana biyansa da katin Istanbulkart, ya sauke mutum a Üsküdar a ɓangaren Asiya, ko a Söğütlüçeşme inda ake kama jirgi mai gudu zuwa Ankara, shi ma sai an kama kujera.