Wasiƙa daga Japan: faifai huɗu da mutumin da ba ya mutuwa

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayarka a kan kayan wasan bidiyo na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, a nan Japan, tun da ka ce kana son ƙara na'urori a shagonka.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda ake mutunta tsohon kaya. A shaguna irin su Hard Off da Book Off, da waɗanda ke unguwar Akihabara a Tokyo, ana goge kowane faifai, a naɗe shi cikin leda, a manna masa farashi, idan kuma akwai ƙarzuwa ko ɗan littafin bayaninsa ya ɓata sai a rubuta hakan a jiki. Na'urorin da ba a tabbatar da lafiyarsu ba suna da kusurwarsu daban, wanda ya ɗauka daga can ya san kasada ya yi. Ba a ciniki, wannan kuwa har yau bai zauna mini ba, domin bakina ya saba da "nawa za ka bari". Amma na tuna kwafaffun faifan da muke saya a gida, waɗanda ke tsayawa cak a tsakiyar wasa.

A irin wannan shago na sami Lost Odyssey, wani wasa na na'urar Xbox 360, faifai huɗu cikin kwalinsu, a kan kuɗin da bai kai na abincin rana ba, saboda na'urar Xbox 360 ba ta yi kasuwa sosai a Japan ba. Wasan ya fito a nan a Disamban 2007, daga kamfanin Mistwalker na Hironobu Sakaguchi, wanda ya ƙirƙiro jerin wasannin Final Fantasy, kuma Nobuo Uematsu ne ya tsara kiɗansa. Jarumin, Kaim Argonar, ya shekara 1,000 a duniya bai mutu ba, ya kuma manta rayuwarsa, sai dai tana dawo masa gutsure-gutsure ta hanyar mafarkai, waɗanda marubuci Kiyoshi Shigematsu ya rubuta a matsayin gajerun labarai da ake karantawa a kan allo. Tatsuniya ce, mun san kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, amma waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun ɗauki batun rashin mutuwar da gaske, har cikin dokokin faɗa: wanda ba ya mutuwa idan aka kayar da shi yakan tashi da kansa bayan ɗan lokaci, sai dai yawancin dabarunsa daga abokan tafiyarsa masu mutuwa yake koyonsu. Gab da ƙarshen faifai na farko Kaim ya iske 'yarsa Lirum tana gargarar mutuwa, kuma mai wasa ne ke taya jikokinsa shirya jana'izarta. A nan na ajiye abin sarrafawa na ɗan jima, domin na tuna jana'izar Gwaggo da na ji labarinta ta waya.

Wajen gyara kuwa gida ya fi nan nesa ba kusa ba. Idan tsohuwar na'ura ta lalace, kuɗin aikin mai gyara kan zarce kuɗin sayen wata, shi ya sa mutane ke haƙura da ita, alhali a Kano yaro zai kwance ta a gabanka ya tayar da ita kafin la'asar.

Idan ka yanke shawarar in aiko, ka lura cewa wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuma ta haura 200, saboda haka dole ka tanadi taransifoma mai rage ƙarfin wuta kafin ka jona komai. Kwafin da na saya rubutunsa na Japananci ne, kuma tun da daɗin wasan yana cikin karatun mafarkan, gara ka nemi na Turai ta hannun masu shigo da kaya daga can. A gaishe mini da Inna.